Hazon da ya rufe dawakina a Nima

Wata bakwai na yi ina fentin rundunar 'yan ƙananan sojojin wasan nan, ban cika minti biyar ba na ɓata ta da hannuna. Yau mako uku ke nan da dawowata Kumasi, amma duk sanda na buɗe gwangwanin da nake ajiye su na ga dawakin nan uku da suka ƙi warkewa, sai abin ya dawo mini sabo fil.

Ni tela ne a unguwar Aboabo a Kumasi, aikin wuyan riga na fi yi, don haka idona da hannuna sun saba da ƙananan abubuwa. Shi ya sa da na shiga wasan yaƙin tebur, inda ake jera 'yan ƙananan sojoji a kan tebur a gwabza da 'ya'yan ludo, ban bi manyan sojojin milimita 28 da samari suka fi so ba, na tsaya kan na milimita 15. Akwai maganar kuɗi, akwai ta wuri. Dokokin wasan da nake bi, masu suna DBA, waɗanda aka fara bugawa a Ingila a 1990, rukuni 12 kawai suke nema a kowace runduna, filin daga kuwa santimita 60 ne kowane gefe, a gama wasa cikin awa guda. Teburin da nake yanka yadi ya ishe ni har da rara.

Rundunar tawa ta Kano ce ta zamanin da. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, to daga nan na ɗauko. Rukuni uku na 'yan lifidi, doki uku-uku, rukuni uku na mahaya marasa nauyi, biyu-biyu, huɗu na maharba, biyu na masu mashi. Sojoji 35 ke nan, 15 a kan doki. Wani ɗan'uwanmu ya zo mini da su daga Ingila, na ƙarfe, tsirara, dawakin kuma ba lifidin da nake so a jikinsu. Ni na kwaɓa ƙullun nan mai haɗi biyu da ke ƙanƙarewa in ya bushe na lulluɓe kowane doki, na ɗauki allurar ɗinki na fitar da layukan ɗinkin auduga ɗaya bayan ɗaya, sannan na bi kowane ɗan gida da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Doki ɗaya yakan ci mini dare huɗu bayan isha'i. Uwargida takan leƙo ta ce, "Maigida, idon nan dai da shi muke ci, ka tausaya masa." In ce mata saura kaɗan.

Da labari ya zo cewa masu wannan wasa za su haɗu wuni guda a wani zaure da aka yi haya a unguwar Osu a Accra, ban yi shawara da kowa ba na rufe shago ranar Juma'a bayan an sauko. Abin da na fi tsoro shi ne hanya, kuma hanyar ba ta yi mini komai ba. Na manna maganaɗisu a ƙarƙashin kowane mazauni, wato ɗan faifan da rukuni ke tsaye a kai, na jera su cikin gwangwanin biskit, na rungume shi a cinya daga tashar Asafo, muka wuce Nkawkaw da Suhum da Nsawam, har muka sauka Ankara, kamar yadda mu 'yan zango muke kiran Accra, ko tsinin mashi ɗaya bai lanƙwashe ba. Na kwana unguwar Nima wajen Gwaggo.

Da dare ina nuna wa ɗanta sojojin, sai na lura fentin bakin kwalkwali biyu ya ɗan goge, ƙarfe ya fito. Ban taɓa shafa musu banish, ruwan da ke kare fenti, ba, kullum ina cewa sai na gama duka. Nan take zuciyata ta raya mini cewa gobe hannu arba'in za su taɓa su. Muka fita muka samo gwangwanin banish na feshi, mai kashe sheƙi, a wani shagon masu kayan fenti da bai rufe ba. Watan Yuni ne. Ruwa ya kwana yana zuba, da asuba babban kwatamin Nima yana ta ambaliya, bangon ɗaki kansa yana gumi, tawul ɗin da na shanya tun dare yana nan yadda na bar shi. Duk na ga waɗannan da idona.

Yaron ya ce, "Yaya, ka bari rana ta ɗan fito mana." Na ce masa ƙarfe tara ake buɗe zaure, ba lokaci. Na jera rukunan 12 gaba ɗaya a kan kwali a tsakar gida, na girgiza gwangwanin sau biyar ko shida, na ja baya sosai don kada ya yi yawa, na fesa. Da farko sun yi kyau, launin ya ƙara fitowa saboda danshin. Ina tsaye ina kallo, sai fari ya fara tasowa daga kwarin layukan lifidin, a hankali, kamar gishiri a jikin rigar da gumi ya bushe. Ja ya koma ruwan hoda mai dishi-dishi, shuɗin ya zama toka. Baƙin dokin sarkin yaƙi, wanda na fi ji da shi, ya koma kamar an birkiɗe shi cikin garin rogo. Da na ga haka sai na ƙara kuskure a kan kuskure: na sake fesa wa jerin gaba, wai ko na biyu zai narkar da na farko. Jerin gaban nan su ne 'yan lifidina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan doka tun ina yaron shago. Ba na ɗora dutsen guga a kan shaddar mutum sai na gwada a bakin yadi ta ciki. Shekara ashirin ban karya ta ba. Ina da maharbi ɗaya da ya rage a aljihun jaka, wanda bai samu gurbi a runduna ba. Da shi kaɗai na fesa wa na jira minti goma, da ba wannan nake rubutawa ba.

Gwaggo ta fito da koko da ƙosai ta same ni zaune a bakin ƙofa. Ta duba kwalin, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, aikin gama ya gama. Ka taso daga Kumasi, ba ka koma ba ka ga abin da ya kawo ka ba. Sha kokonka." Ba don ita ba da tashar mota na nufa.

Zauren ba babba ba ne, tebur takwas, mutane ba su fi arba'in ba. Rabinsu na Warhammer 40,000 ne, manyan sojoji da tankoki, samari sun kewaye suna ihu duk sanda aka jefa 'ya'yan ludo. A can kusurwa wani ya shimfiɗa yaƙin Waterloo na 1815 da sojojin milimita 6, kowane ɗaya bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A hannu ba su da wani fasali, amma in ka ja baya taku biyu sai ka ga sahu-sahu sun cika fili kamar daga kan tudu kake hangensu. A nan na gane cewa ƙaramin sikeli fentin taro yake so, launi mai haske da tsari, ba ƙawata mutum ɗaya ba. Na zaga duk wannan da gwangwanina a hammata, a rufe.

Teburin da ya tsayar da ni shi ne na Amoaful, yaƙin 31 ga Janairu 1874, can kusa da Bekwai, inda rundunar Asantehene Kofi Karikari ta tare kwamandan sojojin Birtaniya Garnet Wolseley kwana huɗu kafin ya shiga Kumasi. Mai teburin ya yi kurmin da soso da tsinken tsintsiya, ya yi duhu har sai ka sunkuya kake ganin mayaƙan Asante a ciki. Dattijo ne, tsohon soja, mazaunin Madina. Da ya ji na yi sallama sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya kama hannuna ya nuna mini wasu 'yan sojoji kusa da ƙananan igwa a kan hanyar da ta ratsa kurmin. Ya ce, "Ka ga waɗannan? Namu ne. Igwar Kyaftin Rait, Hausawa ne suka harba ta ran nan." Na yi shiru. A Kumasi aka haife ni, maƙwabtana da abokan cinikina Asante ne, ga kuma masu harshena a ɓangaren da ya ƙone garin. Shi ma bai ƙawata zancen ba. Ya ce haka abin ya faru, kuma daga irin waɗannan dakaru aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gold Coast a 1879, shi ya sa Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a ƙasar nan.

Sai ya ce, "Me ke cikin gwangwanin?" Na ce, "Baba, ba abin nunawa ba ne." Ya ce in buɗe. Yana gani ya tambaye ni, "Yau da safe ka fesa?" Ko bayani ban yi ba.

Shi ya warware mini yadda abin yake. Ruwan da ke cikin banish na feshi yana tashi da sauri, tashin nan yana sanyaya jikin abin da aka fesa wa, in iska ta cika da laima sai raɓa ta sauka a kai, banish ya bushe da ita a ciki. Ga shi ban girgiza gwangwanin yadda ya kamata ba, garin da ke kashe sheƙi bai gauraya ba. Ga shi na tsaya nesa, feshin ya fara bushewa tun a iska ya sauka kamar ƙura. Laifi uku a lokaci guda, kowanne shi kaɗai ya isa. Amma ya ce fentin yana nan a ƙasa bai mutu ba, fuskar ce ta yi kaushi take watsa haske. Ya ciro 'yar kwalbar banish mai sheƙi, na shafawa da buroshi, ya ɗiga a kan garkuwar wani mai mashi. Ina kallo launin fatar ya dawo. Wallahi sai da na kama bakin tebur.

Ba a iya gyara runduna guda a zaure, don haka da su na yi wasa a yadda suke. Wasa biyu na yi. Na farko da wani mai rundunar Ingila ta 'yan baka, ya kashe mini rukuni huɗu kafin lifidina su isa gare shi, wasa ya ƙare. Hankalina ba ya kan tebur, sau biyu ɗan ludo ya ba ni shida na ɓarnatar da su wajen matsar da maharban da ba su da aiki. Na biyu na ci, da na tura mahayan marasa nauyi suka zagaye ta gefe. Ban ji daɗin cin ba yadda na yi zato tun a Aboabo. Ana cikin wasan wani saurayi ya sunkuya ya ce ƙurar hunturun da na yi wa dawakin ta burge shi, yaya na yi ta? Da gaske yake, yabo yake yi. Na ce masa ba ƙura ba ce, ɓarna ce, a ƙarƙashinta akwai aikin wata bakwai da ba zai gani ba. Na nuna masa hotunansu na da a waya, shi ma ya yi shiru.

Wanda duk zai kai sojojinsa irin wannan taro, ina roƙonsa ya gama komai mako guda kafin tafiya, ya rufe gwangwani, kada ya sake taɓa su. Kwalkwali biyu da suka goge ba wanda zai lura da su a milimita 15, ni kaɗai na gani. A damina, ko a Ankara ko a Kumasi, ka manta da feshi, ka shafa da buroshi, siriri, ko da zai ci maka dare uku. In dole sai feshin, ka jira hunturu, Disamba ko Janairu, da rana tsaka, ka girgiza gwangwanin minti biyu cur, ka gwada a kan soja ɗaya. In kuma fari ya riga ya taso, ka ajiye gwangwanin nan take. Feshi na biyu shi ya kashe ni.

Baba ya ba ni kwalbar tasa, ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Da na dawo gida na bi su ɗaya bayan ɗaya, mai sheƙi tukuna, bayan kwana biyu mai kashe sheƙi, duk da buroshi. 32 sun dawo, wasu kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Uku ɗin da suka sha feshi na biyu sosai, har da baƙin dokin sarkin yaƙi, banish ya cike layukan da na fitar da allura, lifidin ya zama sumul. Waɗannan sai an jiƙa su an kankare har ƙarfe, kuma ƙullun ba lallai ya tsira ba. Na zuba ruwan kankarewar a kwalba tun ranar Talata, yana nan kan keken ɗinki, har yanzu ban saka su ciki ba.