Yadda Muka Tara Kuɗin Rijiyar Garinmu Bayan Ambaliyar 2022

Ambaliyar da ta afka wa Jihar Jigawa a daminar 2022 ba gonaki da gidaje kaɗai ta ci ba. A garuruwan da ke bin kogin Haɗejiya, tun daga Ringim har Miga da Auyo da Kafin Hausa, ruwan ya hau rijiyoyi ya haɗe su da masai, ya bar mutane a tsakiyar ruwa ba su da na sha. Mutanen wannan yanki sun saba da cikar kogi duk shekarar da ruwan sama ya yi yawa, madatsun Tiga da Challawa suka tumbatsa, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyar da ruwan zai wuce, amma ta wannan shekara ta fi ƙarfin sabo. Ƙauyenmu na cikin waɗanda abin ya shafa, kuma da yake a 2021 mun ga irin ɓarnar da amai da gudawa suka yi a Jigawa da Kano da Bauchi, ba a daɗe ana muhawara ba ƙungiyar ci gaban garinmu ta yanke shawarar haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ni ne sakataren ƙungiyar, don haka littafin shiga da fitar kuɗi a hannuna ya zauna har aka gama.

Tunanin matasanmu tun farko shi ne a tafi Kano a ƙaddamar da gidauniya, domin can ne 'yan garinmu masu hannu da shuni suke, wasu a Kantin Kwari, wasu a kasuwar hatsi ta Dawanau, wasu a Singa. Da muka kai wa dagaci wannan magana, ya saurare mu har muka ƙare, sannan ya tambayi shugabanmu abin da mu na gida muka tara. Shugaban ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mutanen gida ruwa ya cinye musu komai." Dagaci ya amsa cewa ruwa ya ci fadama, amma bai hau tudu ba, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya, duk wanda ya je birni hannu rabbana, roƙo ya je yi, wanda kuwa ya je da abin da ya tara, cikawa ya je nema. A kan wannan magana muka gina duk abin da ya biyo baya, kuma har yau ina ganin ita ce ta raba aikinmu da na garuruwa da dama da suka yi taro mai armashi aka watse ba a ga komai ba.

Da kaka muka fara, kuma ba kuɗi muka nema ba, domin manomi a watan Oktoba hatsi gare shi. Aka yanka wa kowane magidanci abin da zai iya, wani tiya biyu ta gero, wani dami, wanda ya yi riɗi a tudu ya ba da kwano, wanda shinkafarsa ta nutse gaba ɗaya kuma aka rubuta sunansa a cikin masu ba da ƙarfinsu ranar gayya. Mata suka ce ba za a haɗa nasu da na mazajensu ba, suka naɗa wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta riƙa zagawa gida-gida, suna ba ta daga kuɗin adashi da na ƙananan sana'o'insu. Abin da ya fito daga ɗakunan nan ya ba maza kunya, kuma ya zo da wuri, ba tare da an bi kowa sau biyu ba. Dalilin a fili yake, su ne suke kwana da yaro mai gudawa, su ne kuma 'ya'yansu suke yin nisa da jarka a ka.

A nan ne wata mas'ala ta taso wadda duk mai shirya irin wannan aiki a ƙasar Hausa zai ci karo da ita. Manoma da yawa suka ce za su ba mu zakkar amfanin gonarsu, wato ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, ko ɗaya bisa ashirin na noman ban-ruwa, ga wanda ya kai nisabi. Da mun karɓa, da rumbunmu ya cika cikin mako guda. Na je na sami liman na ce, "Allah ya gafarta Malam, ya halatta mu sa zakka a haƙa rijiya?" Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya zakka haƙƙin mutane takwas ne da aya ta 60 ta Suratu Tauba ta ambata, ba a gina masallaci ko gada ko rijiya da ita, kuma a shekarar da talakawan gari suka rasa abinci, ɗauke musu zakka a zuba a rami zalunci ne ko da niyyar mai kyau ce. Amma bai bar mu haka ba. A huɗubar Juma'ar da ta biyo baya ya kawo hadisin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. Daga ranar mutane suka fara zuwa suna cewa in rubuta kaza da sunan marigayi Baba, kaza da sunan marigayiya Inna, kuma wannan shafi na mamata ya zama mafi tsawo a littafina.

Kafin mu tafi Kano mun buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ba a cire ko sisi sai biyu daga cikin mutum uku sun sa hannu. Aikin takardun ya ci lokaci, amma ban yarda a tura kuɗin jama'a asusun wani mutum ɗaya ba, ko da kuwa liman ne, domin zargi ba ya jiran hujja.

An yi taron ƙaddamarwa a Kano a watan Janairun 2023, a harabar wata makarantar Islamiyya da aka ba mu aro, saboda mun ƙi kama zauren haya da zai cinye rabin abin da za a samu. Kujeru da rumfa da lasifika da ruwan leda ne kawai muka biya. An bi tsarin da aka saba: wakilin hakimi ya zauna a matsayin uban taro, wani Alhaji ɗan garinmu mai shaguna a Kwari ya zama babban mai ƙaddamarwa, mai gabatarwa kuma yana kiran suna yana faɗin adadi ana kabbara. Abin da ya sauya yanayin wurin shi ne lokacin da shugabanmu ya karanta yawan buhunan da ƙauyen da ruwa ya ci ya tara da kansa, da abin da mata suka bayar. Na ga manyan 'yan kasuwa suna gyara zama, kuma na tabbata wasu sun ninka abin da suka fito gida da niyyar faɗa.

Lokacin ya zo mana da abu biyu da ba mu muka zaɓe su ba. Na farko shi ne sauyin takardun naira da Babban Bankin Nijeriya ya yi, wanda ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, masu POS suna karɓar lada mai tsada, tura kuɗi ta waya kuma yana maƙalewa a hanya. Na biyu shi ne kakar zaɓe, domin ranar 25 ga Fabrairu za a zaɓi shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya, don haka 'yan takara da wakilansu suka zo ba tare da an sha wahalar gayyatarsu ba, suka yi alƙawuran da suka fi na kowa girma. Bayan zaɓe, wanda ya faɗi ya daina ɗaga waya, wanda ya ci kuma ya zama sai an bi layi kafin a gan shi. Ba na cewa kada a gayyaci ɗan siyasa, amma duk abin da bai ajiye a kan tebur a ranar ba, kada a sa shi cikin lissafin da za a kira mai haƙa a kansa.

Waɗanda suka biya nan take, ba tare da an kira sunansu a lasifika ba, su ne 'yan ciranin garinmu: masu tura kurar ruwa a unguwannin Kano, da 'yan dako na Singa da Dawanau, da direbobin Adaidaita Sahu. Sun zo a tare bayan la'asar, sun haɗa abin da suka samu a cikin leda, yawancinsa tsofaffin takardu da ƙananan canji, suka miƙa wa ma'aji suka nemi a ba su rasit. Mutumin da yake wuni yana sayar wa mutanen birni ruwa ya san farashin jarka fiye da kowa a wurin, kuma ya san uwarsa a gida ba ta da mai kawo mata.

Da na zauna na raba abin da aka faɗa da abin da ya shigo hannu, na ga na hannun bai kai rabi ba. Daga nan ne ainihin aikin ya fara, kuma shi ne ɓangaren da ba a ɗaukar hotonsa. Alƙawarin gidauniya ba bashi ne da za a kai gaban alƙali ba, kuma wanda aka matsa wa a gaban yaran shagonsa, an rasa shi ke nan har abada. Mun lura cewa saƙon waya daga sakatare ba ya motsa babban mutum, amma idan dattijon da ya san mahaifinsa ya je ya gaishe shi ya ce, "Alhaji, mutanen gida suna gaisuwa, an kusa fara aiki," sau da yawa kafin dare kuɗin ya shigo. Mun kuma gane cewa ɗan kasuwa ya fi sauƙin rabuwa da kaya a kan kuɗi, domin kuɗinsa yana juyawa ne a cikin jari. Wani da ya yi ta ɗaga mana rana, da muka ce ya ba mu bututu daga shagonsa na Ƙofar Ruwa a madadin abin da ya faɗa, a ranar ya sa aka ɗora a mota. Haka muka sami siminti da rodi daga wasu.

Ma'ajinmu, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, ya dage cewa kada a bar kuɗi ya kwanta a banki ana jiran ya cika, a mayar da duk abin da ya shigo kaya. Da shawararsa muka sayi faifan hasken rana da injin jan ruwa a cikin azumi, muka kulle su a gidan dagaci. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki farashin naira a kasuwar canji, sai duk kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Tankin ruwa da ƙarfen da za a ɗora shi, waɗanda muka saya daga baya, sun ci kuɗi fiye da yadda aka ƙiyasta, kuma geron da muka ajiye tun kaka muka sayar da bazara, lokacin da ya yi daraja, shi ne ya toshe wannan giɓi.

Ranar ƙaramar Sallah, da 'yan birni suka dawo gida, na karanta lissafi a ƙofar gidan dagaci bayan an sauko daga Idi, tun daga buhun farko har kuɗin motar da muka shiga zuwa Kano. Matasa sun so a karanta sunayen waɗanda suka yi alƙawari ba su cika ba. Dattawa suka hana, suka ce a faɗi abin da ya shigo kawai, mai hankali zai ji babu sunansa. Na goyi bayan dattawa, kuma kafin a koma birni mutum biyu sun same ni a gida da dare sun cika nasu. Akwai kuma waɗanda suka roƙa kada a ambace su, aka rubuta su da "wani bawan Allah", domin aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yabi bayyana sadaka, ta kuma ce ɓoye ta ya fi. Duk da haka, adadin kowannensu ya shiga littafi, shugaba da ma'aji sun san mai shi.

Filin da aka haƙa rijiyar kyauta ce daga wani dattijo, amma mun rubuta takarda shi da manyan 'ya'yansa suka sa hannu a gaban liman da mai unguwa, saboda magada ba sa gadon alƙawarin baki. Haƙar ba ta ba da wahala ba, domin ƙasar yankin Haɗejiya yashi ce da laka, ba irin dutsen da ake fama da shi a wajen Dutse da Kazaure ba. Ramin bututu da ginin dandamali kuwa da gayya aka yi su, kuma an ɗaga dandamalin sosai sama da inda ruwan 2022 ya tsaya a jikin bangon masallaci.

Gardamar da ta fi kowace zafi ta zo ne bayan ruwa ya fara zuba. Wasu suka ce rijiyar sadaka ba a sayar da ruwanta, wasu kuma suka nuna rijiyoyin da ke maƙwabtan garuruwa waɗanda suka mutu saboda an rasa kuɗin gyara ƙanƙani. Aka tsaya a kan cewa kowane gida zai ba da tiya ɗaya ta hatsi duk kaka, masu ɗiba don sayarwa ko yin bulo su biya a kan kowace jarka, gidajen marayu da tsofaffin da ba su da mai yi musu kuma an ɗauke musu. Daga ciki ake biyan mai gadin da ke kwana kusa da faifan, ana ajiye saura don ranar da injin zai lalace. Akwatin kuɗin yana hannun ƙungiyar mata, bisa buƙatarsu, ni kuma ina duba littafinsu duk ƙarshen wata.