Masarar Kawu

Da hantsi na nufi ƙauyen su Kawu, bayan ruwan da aka kwana ana yi ya tsagaita. Daga inda aka saki kwalta bayan Shika sai da na riƙa jan babur a cikin taɓo.

Gonar gwajin masarar da muka tsara da Kawu, a matsayina na malamin gona, ta faranta mini rai ƙwarai. Irin SAMMAZ 15 ne na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda ke jure wa ciyawar wuta-wuta, kuma Kawu ya bi tsarin da muka yi tun farkon damina: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a kowane rami. Ya binne takin kamfa a gindin shuka maimakon watsawa, ya kuma bi da yuriya a kan lokaci. Yanzu masarar ta yi goyo, ganyenta ya yi kore shar, alhali a gonar da ke maƙwabtaka da ita jan furen wuta-wuta ya cika kunyoyi, karan ya tsumbure bai kai ƙugu ba.

Da wannan murna na shiga cikin gida, na tarar Inna tana auna garin kwaki da gwangwanin madara domin kalacin yara. Rumbun da ke bayanta a buɗe yake, babu komai a ciki sai tsohuwar tabarma. Na ce mata, in Allah ya yarda, bana sai an ƙara wani rumbun. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ɗan nan, masarar da ka gani a tsaye ai da mai ita.”

Sai Kawu ya yi mini bayani a zaure. Takin nan da nake yabo, bashin ba-da-kaka ne ya karɓa daga wani ɗan kasuwa, kuma da masara zai biya, a kan farashin lokacin girbi, wato lokacin da kasuwar Giwa ke cika da hatsi har buhu ya faɗi warwas. Bayan wannan akwai kuɗin huɗa, akwai na maganin tsutsar nan da ta addabi masara tun shigowarta ƙasar nan a 2016, ga kuma auren da ke tafe bayan kaka. Na ce, “Kawu, da kun faɗa mini, ai da mun rage faɗin gonar daidai ƙarfin takin da za ku iya saya da kanku.” Ya yi murmushi ya ce, “Kai malamin gona ne, aikinka masara ta yi kyau. Ni kuwa mai gida ne, kuma ranar da aka ga na bar rabin gandu ya kwanta, ranar za a fara zuwa neman aronsa.”

Maganar ta tsaya mini a rai har yanzu da nake wannan rubutu. Mu malaman gona mun iya lissafin buhu nawa kadada za ta bayar, kuma takardar rahoton da nake cikawa tana da gurbin rubuta shi, amma babu inda ake tambayar buhu nawa ne zai kwana a gidan manomi har zuwa marka. A ganina yunwar watan Agusta a karkara daga nan take tasowa: mutum ya sayar da arha a kaka domin biyan bashi, sannan ya dawo yana awon tiya da tsada lokacin da ya fi bukatar ƙarfin noma. Ingantaccen iri yana ƙara amfani, babu shakka, sai dai idan da bashi mai nauyi aka ciyar da shi, ƙarin yakan wuce ta ƙofar gidan ne kawai.

Kafin in taso mun yi shawara a kan abu biyu. Waken da Inna ta shuka a gayaunarta ba ya cikin bashin, saboda haka zan kawo mata buhunan PICS masu ninki uku, waɗanda ke toshe iska su kashe ƙwari ba tare da magani ba, domin ta ajiye shi har ya yi daraja. Baɗi kuma wani ɓangare na gonar zai koma waken suya, wanda bai cika bukatar yuriya ba, yana kuma rage wuta-wuta.

Batun ƙungiya ne Kawu bai amsa ba. Na kawo shawarar su fara adashi tun daga kaka, su sayi taki da rani kafin ya yi tsada, sai ya ce zai tuntuɓi 'yan majalisarsu bayan sallar Juma'a, kuma na san yadda yake furta wannan kalmar idan bai gamsu ba.