TARIHIN RAYUWATA A JIDDA, KASHI NA 9: YADDA NA FARA KOYON DUBA GINI

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da ganin wannan makon lafiya. A makon jiya mun tsaya ne a inda na ajiye aikin fenti, Kawu ya ɗaukeni na dinga riƙe masa kayan aiki a ofishin injiniyoyin da yake. Toh yau zan baku labarin aikin kansa, dan daga nan ne idona ya buɗe a kan abubuwa da yawa na garin nan.

Kawun nan ba ƙanin mahaifiyata bane na jini, zaman unguwa ne ya haɗamu tun ina yaro. Bahaushen Sudan ne ɗan Maiurno, garin nan da ke bakin kogin Nilu kusa da Sennar wanda kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yayi karatun injiniyan gini a Khartum sannan ya tsallako Jidda neman abinci. A wajen aiki kowa Bashmuhandis yake ce masa, wato babban injiniya, ni dai bakina ya saba da Kawu, shi kuma ɗana yake cemin ko a gaban waye. Ya taɓa gayamin cewa da can shima zanen gini kawai yake, abinda ya juyo da hankalinsa kan duba tsofaffin gine-gine shine masaukin alhazan nan da ya rufta a Makka kusa da Harami a watan Janairun 2006, ana gab da fara aikin hajji, mutum 76 suka rasu. Yace tun daga ranar duk benen da ya shiga sai ya tsinci kansa yana kallon silin.

Aikin kuwa ga yadda yake. Mutum zai sayi imara, wato babban bene, ko zai kama hayar babban shago ko sito, ko kuma yana son sabunta lasisi wajen baladiya, wato hukumar gari, da Difa'ul Madani, wato masu kashe gobara, sai ya nemi ofis irin namu muzo mu duba ginin tun daga ƙasa har rufi a rubuta rahoto. Injiniya mai rajista ne kaɗai ke sa hannu, ni nawa ɗaukar hoto da riƙe tef da rubuta abinda Kawu ya faɗa. Akwai kundin dokokin gini na Saudiyya da aka fara tilasta aiki dashi kashi-kashi daga 2018, ɓangaren gobara shine SBC 801, Kawu yana da shi a bayan mota duk ya sha layi da jan biro.

Ginin da bazan manta ba wata cibiyar 'yan sari ce can wajen Bab Sharif, hawa huɗu, ƙasa shagunan barguna da abaya da jakunkuna irin tsarabar da alhazanmu ke lodowa, sama kuma duk sito ne. Wani ne yake son saya shine ya turomu. Da muka iso wakilin mai ginin yana tsaye a ƙofa da shayi da ruwan sanyi, yana ta nuna mana sabon tayil da fitilu. Kawu ya gaishe shi cikin mutunci amma bai shiga ba, sai ya jani muka tsallaka titi muka tsaya muna kallon ginin daga nesa. Yace ɗana, kafin ka taka gini ka fara kallonsa daga waje, ka duba layin tagogi ko sun miƙe, ka duba inda ruwan mukayyif, wato injin sanyi, ke bin bango, ka ƙirga hawa nawa ne a ido sannan ka duba nawa ne a takarda. Na ƙirga, a takarda huɗu ne, amma can saman rufi ga wasu ɗakunan bulo an ƙara. Ya ce rubuta.

Da muka shiga wakili ya nufi lif, Kawu yace a'a, ƙasa zamu fara.

Sai na ɗan yi muku bayanin ƙasar Jidda dan ku gane dalili. Garin a bakin Bahar Maliya yake, a unguwanni da yawa in ka haƙa rami baka yi nisa ba zaka tarar da ruwa, ruwan kuma mai gishiri ne, ga iskar kanta jiƙe take da laima da gishiri musamman da bazara. Shi kankare mai kyau yana da wani sinadari a jikinsa da ke kare rodi daga tsatsa, amma in gishiri ya ratsa ya isa ga rodin wannan kariyar ta tashi, sai ƙarfen ya fara tsatsa, tsatsa kuma kumbura take tafi asalin ƙarfen cin wuri, sai ta dinga tura kankaren daga ciki har ya tsage ya ɓantale. Shi yasa a nan ake amfani da siminti na musamman a harsashi kuma a shafe shi da baƙin ƙaro irin kwalta kafin a mayar da ƙasa. Kawu yace gine-ginen da aka yi cikin gaggawa lokacin da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970 da yawansu da yashin da ba'a wanke ba aka kwaɓa su, wato gishirin tun ranar farko yana cikin jikinsu.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan wari ne ya fara tarbarmu, warin danshi. Amma bango tas, farin fenti sabo fil. Ni da nayi shekaru ina fenti ina shafa hannu na san ba'a daɗe da yi ba kuma a kan jiƙaƙƙen bango aka yi shi, dan ya fara yin ƙuraje daga ƙasa, in ka danna sai wani farin gari ya fito. Na gayawa Kawu, ya kalleni yace madalla, wannan garin gishiri ne, ci gaba. Sai ya miƙomin ƙaramar guduma yace bi ginshiƙan nan ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa a hankali, kunnenka zai gaya maka. Na farko ƙarar a tsaye take, ƙal ƙal. Na biyu haka. Da na zo na kusa da tankin ruwan ƙasa sai naji ƙarar ta canza, bub bub, alamar akwai rami a ciki. Kawu ya karɓi gudumar ya buga sau ɗaya da ɗan ƙarfi, wallahi wani ɓangare mai faɗin tafin hannu biyu ya faɗo ƙasa, ga rodi nan a fili yayi jawur yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, siraran rodin da ke ɗaure manyan kuwa ɗaya ya tsinke gaba ɗaya. Na sa yatsa na taɓa sai ya marmashe a hannuna. Wannan ginshiƙin fa shi ke ɗauke da hawa huɗu da kayan da ke ciki da mutanen da ke ciki.

Daga nan ya ciro wata 'yar kwalba ya fesa ruwanta a inda ya fashe. Ruwan fari ne, amma in ya taɓa kankaren da har yanzu yake da lafiya sai ya koma ruwan hoda mai haske, inda iska ta riga ta cinye kariyar kuma baya canzawa. Can ciki ne kawai ya yi launi, duk wajen da rodi yake ko alama. Ya auna kaurin kankaren da ya rufe rodin, bai kai santimita 2 ba, alhali a irin wannan wuri ana son 4 zuwa 5 ko fiye. Sannan muka huda da inji muka tara garin a leda dan a kai ɗakin gwaji a auna yawan gishirin. Tankin kansa ashe yoyo yake, shekara da shekaru yana jiƙa ƙasan wurin, suna ta sayen ruwa a mota suna mamakin yadda yake saurin ƙarewa.

Maganar tsaga kuwa ba kowacce ce abin tsoro ba, wannan ma a ranar na koya. Siririya irin ta filasta da ke yawo ko'ina ba komai bace. Wadda ake tsoro itace wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana faɗi ta gefe ɗaya, wannan alamar ƙasa na zaunawa ce, da wadda ta bi tsawon rodi a miƙe, da duk wadda ta fito a jikin ginshiƙi ko bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai. Kawu nada wani ɗan kati mai layuka da yake karawa a kai, in ta wuce milimita 0.3 sai a rubuta. In yana son sanin ko tana motsi sai ya manna ɗan farin jibis, wato kwaɓaɓɓen garin POP, a kanta ya rubuta kwanan wata, in aka dawo aka tarar ya tsage toh ginin bai gama zama ba. Yace bayan ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta ci mutum sama da 100 a garin nan musamman wajen Guwaiza, sun yi watanni ba abinda suke sai bin irin waɗannan tsagun.

Rufi bamu daɗe ba. Tankuna, injinan sanyi, magudanar ruwa duk a toshe da ƙasa da kashin tattabaru, ga ɗakunan da aka ƙara ba izini. Muka ɗauki hoto muka sauko.

Abinda ya tsaya min a rai har yau a hawa na uku yake. Sito ne cike da barguna da katifun soso an jera su har suna taɓa silin, kan abin yayyafa ruwan gobara ya nutse a cikin leda. Shi wannan abin akwai 'yar kwalba ja a bakinsa da ke fashewa in zafi ya kai digiri 68, sai ruwa ya feso, amma dole a bar masa fili aƙalla santimita 45 a ƙasansa in ba haka ba ruwan bazai bazu ba. Na'urar jin hayaƙi kuma har lokacin da hular robar da ta zo da ita daga kamfani, ba'a cire ba. Tukwanen kashe wuta suna nan a rataye ja-ja gwanin kyau, amma allurar biyu daga ciki ta sauka daga kore. Muka gangara ɗakin famfo, injinan uku duk suna nan, na lantarki da na dizal da ɗan ƙaramin mai riƙe matsin ruwa, sai dai babban makunnin bututun a rufe yake ruf, an ce wai yana ɗiga ne aka ɗaure. Wato ko wuta ta tashi ɗigo ɗaya bazai hau sama ba.

Sai ƙofar baya, ta matakalar gudu. Sarƙa da kwaɗo, an kuma jera katon-katon na kaya a gabanta. Ina ɗaukar hoto sai naji an yi min sallama da Hausa. Wani dattijo ne cikin masu dakon kaya, da gemunsa fari, ya shimfiɗa kwali a lungun yana hutawa, mutumin Damagaram ne. Na durƙusa na gaishe shi nace Baba, wannan ƙofar yaushe rabon da a buɗe ta? Yace yaro tunda na fara aiki a nan ban taɓa ganinta a buɗe ba, wai saboda ɓarayi ne, makullin yana wajen wakili. Nace ku nawa ne ke yini a saman nan? Yace in kaya sun iso mukan kai goma sha, yawanci 'yan uwanka ne, akwai ma masu kwana a ɗakunan rufi. Ya tambayeni ko lafiya, nace lafiya lau Baba, aiki ne. Amma gaskiya jikina yayi sanyi, dan hanyar fita ɗaya ce tak, ita ce kuma matakalar da hayaƙi zai fara bi in soson nan ya kama. Mai ginin ba ya zama a nan, mai saye ma ba zai zauna ba. Baba ne da ire-irensa ke ciki tun safe har dare, kuma ba wanda zai iya buɗe baki a cikinsu saboda kowa na tsoron abincinsa da takardunsa.

Da muka fito wakili ya ja Kawu gefe, ina jinsu da Larabci. Yana cewa ginshiƙin za'a shafe shi da siminti gobe-goben nan, ƙofa kuma abu ne mai sauƙi, ba sai an sa a takarda ba tunda ciniki ya kusa faɗawa. Kawu bai ɗaga murya ba. Yace masa shafe ba gyara bane, sai an tokare wurin da ƙarafa an sassaƙe ruɓaɓɓen kankaren an ƙara rodi, kuma kafin nan a rage nauyin da ke sama. Ƙofa kuma yace ba zai bar wajen ba sai an cire sarƙar a gabansa, rahoto na iya jira amma wannan bazata kwana ba. Muka tsaya a rana har aka aika aka kawo makulli, kwaɗon ma ya ƙi buɗuwa saboda tsatsa sai da aka sa almakashin ƙarfe. Baba da yaransa suka kwashe katon ɗin da kansu.

A mota Kawu yace in karanta masa duk abinda na rubuta, ya gyara min wurare, yace daga yau kada na rubuta "akwai matsala", in rubuta wane ginshiƙi, wane hawa, faɗin nawa, hoto lamba nawa, yadda ko bayan ransa wani zai ɗauki takardar ya je ya sa yatsa a wurin. Ya saukeni a bakin layinmu ana kiran magariba.

Bayan isha'i ina cin abinci wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka sai naji muryar wakilin nan, yana tambaya ko hotunan suna wajena ne ko suna wajen Bashmuhandis, wai yana son mu haɗu mu biyu kafin safiya. Yadda muka ƙare da shi da abinda mai sayen yayi da rahoton, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.