Ranar da ƙanina ya yi wa direban tasi huɗuba

Jiya wurin mai shayi a Unguwar Rimi ƙanina da ya dawo daga karatu a Masar ya kusa kashe mu da dariya. Wai ranar da ya sauka Alƙahira, ga nahawu ga sarfu cike da ciki, ya tsayar da tasi ya zabga wa direba jumla da i'irabinta tsaf, mutumin ya juyo ya dube shi ya ce sadaƙallahul azim. Shi a kunnensa karatu aka ja masa. Can Fusha, wato Larabcin littafi, ta mumbari ce da jarida da labaran rediyo, a gida da kasuwa kuwa Ammiyya, Larabcin gari, ake yi, ba uwar da ke rarrashin ɗanta da Fusha.

Ashe abin har suna gare shi, diglosiya. Wani Ba'amurke Charles Ferguson ne ya yi rubutu a kai a 1959, ya kawo Larabci da Girkanci da Jamusancin Siwizalan da Kiriyol ɗin Haiti. Harshe ɗaya, kala biyu, na sama sai an je makaranta, na ƙasa da shi ake tashi, kowanne da wurinsa. Girka ma sai 1976 suka mai da na talakawan harshen gwamnati.

Ƙanin nan sai cewa ya yi, Yaya ai mu ma haka muke, ji Hausar Rediyon Kaduna ka ji ta Kasuwar Barci. Na ce a'a fa, kar ka haɗa. Mai karanta labarai yana gyara baki ne kawai, kakarmu na fahimtarsa sarai ba ta taɓa shiga aji ba.

Namu ciwon ya fi kama da abin da wani masanin harshe Joshua Fishman ya ƙara a 1967, cewa harsuna biyu daban ma suna iya raba aikin. Shiga kowane ofis a garin nan, za a gaisa da Hausa, ya gida ya yara ya zafi, a yi ta hira har a tattauna matsalar taka kaf da Hausa, amma da an zo kan abin da zai shiga fayil sai ka ji "to malam je ka rubuto", kuma kowa ya san da wane yare ake nufi.

Watan jiya na raka Hajiyarmu banki. Matar da ta sauke Alƙur'ani, take rubuta lissafin adashinta da ajami, ni na cike mata fom, ita aka miƙo mata tawada ta dangwala.