Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Labarin da Na Fara a Kwance

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda aka sallamo ni daga asibiti bayan kwana 11, to daga nan zan ɗora.

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin Disamba ba ba zai gane ba wallahi. Mu masu sikila sanyi shi ne babban abokin gabarmu, yana tsuke jijiyoyin jini sai ƙwayoyin jinin nan da suka lanƙwashe kamar lauje su maƙale, ka ji ƙashinka kamar ana sara da gatari. A Unguwar Rogo gidanmu yake, Umma kullum tana kan dafa min ruwan zafi, ga safa biyu ga rigar sanyi ga folic acid da safe, ga gorar ruwa a gefen katifa don likita ya ce in dinga sha ko ban ji ƙishi ba.

A wannan kwanciyar na fara rubuta labari a waya, da hannun hagu, don na daman bai saki ba tun ƙarin ruwa. Jarumar 'yar SS ce kamar ni, amma tela ce mai tsiwa, tana da saurayi tana da bashi a kanta, ciwon yana zuwa yana tafiya ita kuma tana harkarta. Ina turawa group ɗin WhatsApp shafi-shafi sai wata ta rubuto min, Anti dan Allah ki kashe ta a ƙarshe zai fi taɓa zuciya. Na daɗe ina kallon saƙon nan hawaye na zuba. Tun ina firamare nake jin ana raɗa wai ba zan kai 20 ba, yanzu a labarin da ni na ƙirƙira ma sai an haƙa mana kabari? Na ce mata ba za ta mutu ba, aure ma za ta yi.

Da daddare na karanta wa Umma. Ta yi ta dariya tana cewa ke 'yar nan, wannan tsiwar ai taki ce. Da na zo wajen gwajin jini kafin aure, inda nas take bayanin in AS da AS suka yi aure, wato masu ɗauke da sikila a jini amma ba sa ciwon, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa SS, sai ta yi shiru, ta miƙe wai za ta duba garwashi.

Abin da ta faɗa min da asuba sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.