Shago ɗaya da ya rage cikin 48

Jiya da daddare ina ta juyi barci ya ƙi zuwa, sai na jawo wani tsohon littafi da na daɗe ban taɓa ba, ina buɗewa tikitin jirgin ƙasa ya faɗo daga ciki, ya yi ja tsabar tsufa. Ba nawa ba ne. Na wadda ta riga ni mallakar littafin ne, don ga sunanta nan a shafin farko da shuɗin biro, kuma baiwar Allahn nan duk inda magana ta burge ta sai ta ja mata layi, wani wurin har layi biyu, amma daga shafi na 140 ɗif, ba ta ƙara jan komai ba. Ko gajiya ta yi ko littafin ne ya ishe ta oho.

A Strand na saye shi, shagon tsofaffin littattafan nan na birnin New York da ke kan titin Broadway. Ba ma a ciki ba, a kan 'yan kurayen da suke turowa bakin titi su jibga masu arha, kowa ya tsaya ya yi ta tono kamar kaza a juji.

Shagon nan wani Benjamin Bass ne ya buɗe shi a 1927, baƙo ne da ya zo Amurka daga Lithuania. Lokacin ba a Broadway yake ba, yana Fourth Avenue, layin da ake ce wa Book Row saboda shagunan littattafan hannu har 48 ne a jere a 'yan layukan nan. Ka ƙiyasta fa, ka fita daga wannan ka faɗa wancan, in mai shago ba shi da abin da kake nema maƙwabcinsa na da shi. Yau a cikinsu duka Strand ne kaɗai ya rage.

Mutane na son ɗora laifin mutuwar irin waɗannan shaguna a kan intanet da waya, wai yara sun daina karatu. Ni dai ban yarda ba, don Book Row ya watse tun kafin a san wani abu wai shi intanet. Kuɗin haya ne ya cinye su, sannan masu shagunan suka tsufa 'ya'ya ba su gaje su ba. Sana'ar da ribarta kwabo-kwabo ce kuma kayanta na cin wuri, ga nauyi ga ƙura, ina za ta iya da mai gida in ya tashi ƙarin haya? Shi kansa Strand tashi ya yi ya koma inda yake yanzu a ƙarshen shekarun 1950, kuma abin da ya cece shi a ganina shi ne Fred, ɗan Benjamin, wanda ya fara aiki a shagon yana ɗan shekara 13, daga baya ya daure ya saye ginin gaba ɗaya. Ya rasu a 2018, 'yarsa Nancy ce ke riƙe da shagon.

Suna tallata kansu da cewa suna da littattafai mil 18, wato in an jera su. Amma wallahi ni wurin da ya fi tsaya min a rai teburin saye ne, inda mutane ke kawo nasu su sayar. Ɗalibi ya gama makaranta yana neman na abinci, wani zai ƙaura ɗaki ya yi masa kaɗan, wasu kuma mahaifinsu ne ya rasu suka kwaso akwatunansa ba su san yadda za su yi da su ba. Shagon sabbin littattafai abin da kamfani ya buga bana yake kawo maka, wannan kuwa abin da mutanen gari suka karanta shekara hamsin baya ne ke dawowa, har wanda an daina bugawa tuntuni.

A Oktoban 2020 da korona ta matsa, Nancy ta fito ta ce cinikinsu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari, kafin ka ce kwabo mutane sun yi layi a waje, oda kuma ta yi ta shigowa ta intanet har shafinsu ya tsaya cak.

Tikitin dai na mayar da shi shafi na 140 inda na same shi, na ci gaba daga nan, kuma gaskiya littafin ya ɗan yi sanyi daga wurin, ban ga laifin wadda ta riga ni mallakarsa ba.