Ni na zaɓi sunan, ita ta sha kukansa

Ranar da aka haifi 'yata ta fari ina zaune a kan benci a barandar asibiti, waya a hannu, ina bin jerin sunayen 'yan matan Larabawa a intanet. Tun cikin yana wata 5 na ƙudurta cewa ba zan sa sunan da kowa ke sawa ba. A gidanmu na Tudun Wada, in ka tsaya a tsakar gida ka ƙwala kiran A'isha, mutum 4 ne za su amsa, Fatima kuwa har ta maƙwabta sai ta leƙo. Ni kuma so nake a ce duk layinmu 'yata ce kaɗai mai sunanta. Ina cikin dubawa na ci karo da Mayar. A rubuce ya yi min kyau, ga shi gajere, an kuma rubuta masa ma'ana mai daɗi wadda ban tambayi kowa ingancinta ba. A raina ina jan ƙarshensa irin yadda Balarabe zai ja. A ranar na yi mata huɗuba da shi. Mahaifiyarta kaɗai na gaya wa, ita ma tana cikin gajiyar haihuwa, ta ce duk yadda na gani.

Ana jibi suna na je gaya wa mahaifiyata, Hajiya. Na same ta a bakin turmi tana dakan yajin jego, ƙamshin citta da kanumfari ya cika gidan. Na faɗi sunan. Ta tsai da taɓarya ta ce in maimaita.

"Mayar, Hajiya."

"Mayya?"

"A'a, Mayar. Da ra a ƙarshe."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ai na ji. Amma kai kaɗai za ka riƙa jin wannan ra ɗin. Yaran layi ba za su ji ta ba."

Babban kuskurena a nan yake, ba a asibiti ba. Na ɗauka takwara take so a yi mata, shi ya sa take kushe zaɓina. Na ce a raina tsofaffi dama ba sa son sabon abu. Da safiyar suna, bayan an raba goro da dabino, liman sai da ya sunkuyo ya tambaye ni sunan sau biyu. Da sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta, abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da Hajiya ta faɗa a bakin turmi. Na ji ƙofar gida ta yi tsit na ɗan lokaci kafin a shafa fatiha. Duk da haka ban farga ba, na ce za su saba.

Ƙannena, bakin Bahaushe ba ya barin suna yadda ya same shi. Ya karɓi Khadija ya mai da ita Hadiza da Dije. A'isha ta zama A'i da Indo da Shatu, Fatima ta zama Fati da Binta, Zainab ta zama Abu, Maryam ta zama Mairo, Hauwa'u ta zama Kulu. Waɗannan sunaye sun yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, an goge su har sun yi santsi, kuma duk inda suka gangara wuri mai kyau suke faɗawa. Baƙon suna kuwa ba ka san inda zai faɗa ba. Harshe zai ja shi zuwa kalmar da ta fi kusa da shi a Hausa, ko mai kyau ce ko mummuna. Balle a Kaduna, inda sunan yarinya zai bi ta bakin malamar aji Bayarabiya, da ƙawa 'yar Gbagyi, da mai shago Ibo, da kakarta da ba ta taɓa riƙe waya mai intanet ba.

Kuma kun san kalmar maita ba abin wasa ba ce a wurinmu. Zargin maita ya raba aure, ya tashi mutane daga unguwa, ya sa an daki tsofaffin da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan kalmar na rataya wa jaririya 'yar kwana 7 a wuya.

Tana ƙarama abin bai fito ba, don a gida Hajiya ba ta taɓa kiran ta da sunan ba ko sau ɗaya. Ranar Lahadi aka haife ta, sai ta ce Ladi, kowa ya bi. Sai da ta shiga firamare aka fara kiran rajista. Tana aji 2, wata rana ta dawo da ɗan kwanon abincinta a rufe, awarar da uwarta ta soya mata da safe tana nan ko ɗaya ba ta taɓa ba. Da ma al'adarta ce ta raba da ƙawayenta. Ashe wata yarinya ce a ajin ta kwanta zazzaɓi, yara suka ce ita ta kama mata kurwa, wata uwa kuma ta gargaɗi 'yarta kada ta ƙara karɓar komai daga hannunta. Ta miƙa awara, kowa ya noƙe hannu. Da daddare ina shirin fita sallar isha'i ta riƙe min gefen riga ta ce, "Abba, da gaske ni mayya ce?" Shekararta 7. Na durƙusa na rungume ta, na rasa abin cewa, don amsar gaskiya ita ce ni na jawo mata.

Washegari bayan asuba na tsaya wajen malamin masallacinmu na zayyana masa komai. Bai yi min faɗa ba. Ya ce canza suna ba baƙon abu ba ne a addini. Sayyidina Umar yana da 'ya mai suna Asiya, da harafin aini da sadi, wato mai saɓo, Annabi (SAW) ya mayar da ita Jamila. Ya ja hankalina cewa wannan daban yake da Asiya matar Fir'auna, wadda muke sa wa 'ya'yanmu sunanta, amma a bakin Bahaushe da rubutun boko duka biyun ɗaya suke fita, shi ya sa ɗaukar suna daga waya ba tare da ganin rubutunsa na Larabci ba ganganci ne. Ya ce Zainab 'yar Jahshi da Juwairiyya, matan Annabi, dukansu Barra ne sunansu na farko, shi ya canza musu. Sannan ya kawo labarin Haznu, kakan Sa'idu ɗan Musayyib, wanda Annabi ya ce masa ya koma Sahlu, ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba, jikan nasa kuma ya ce tsaurin nan bai rabu da gidansu ba. Na tambaya ko sai na sake yanka rago, ya ce wanda na yanka ya wadatar.

A masallaci abin ya zo da sauƙi. A takarda ne na sha wuya. Da na tattaro takardunta sai na ga katin asibiti an rubuta Mayar, rajistar makaranta Mayyar, katin rigakafi Maiyar, kowa ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Sai da na yi rantsuwa a kotu, na buga sanarwa a jarida, sannan na bi takardar haihuwa da lambar NIN ɗaya bayan ɗaya. Kada ku raina wannan. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN, kuma harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takardu yana iya tsai da yarinya a lokacin da ba ta da sararin jira.

Ba ina cewa kowa ya koma A'isha da Fatima ba ne, ko da yake yanzu na gane abin da ya sa gida ɗaya ke tara su har 4: kowace sunan wata aka mayar, don kada a manta da ita. Son suna na daban ba laifi ba ne. Inda na nema ne ya ɓata. Da na buɗe littafin tarihin sahabbai da na ga Rufaida, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni, ciki har da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Da na ga Nusaiba 'yar Ka'abu da ta tsaya da takobi a Uhudu, da Shifa'u 'yar Abdullahi da ta koya wa Nana Hafsatu rubutu. A nan gida ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'yan taru masu kai wa mata karatu har ƙauyuka. Suna irin wannan, ranar da yarinya ta tambaye ka dalilinsa, kana da labarin da za ka ba ta ta yi barci tana murmushi. Ni ranar da aka tambaye ni, ba ni da komai sai cewa na gani a waya.

In ka sami sunan da ya kwanta maka, kada ka ɓoye shi sai suna ya ƙarato kamar yadda na yi. Kai shi wajen malamin da ya san Larabci ya rubuta maka shi, ya gaya maka ma'anarsa. Sannan ka kai shi wajen tsohuwar gidanku ta faɗa da bakinta, ka saurari abin da ya fito, kada ka gyara mata. Ka sa yaro ɗan shekara 5 ya ƙwala shi daga zaure. Ka zauna ka yi tunanin mafi munin abin da 'yan aji za su iya juya shi ya zama, don ko ba ka yi ba su za su yi. In uwar yarinya ta ce duk yadda ka gani, ka jira ta huta ka sake tambayar ta, kwana 7 gare ku.

Da za a canza, ita na bari ta zaɓa. Ba ta yi dogon tunani ba ta ce sunan Hajiya take so. Tunda ba zan iya kama sunan mahaifiyata ba, Ummi nake ce mata, Hajiya kuma har yau Ladi. Mun sauya mata makaranta a farkon zangon da ya biyo baya. Kwanakin baya muka je biki Rigasa, wata tsohuwar 'yar ajinsu ta hango ta daga nesa ta kira ta da tsohon sunan. Ba ta waiwaya ba, amma na ji yadda ta ƙanƙame min yatsu har muka shige cikin gida.